ELM327: 'yar na'urar da ke raba gardama tsakanin geji da injin

Idan allurar geji ta fara wasa a mota, hukunci biyu aka saba ji a Kano. Direba ya ce, "Gejin ne kawai, rabu da shi," ya ci gaba da tuƙi har ranar da injin zai tafasa a cunkoson 'Yankura da tsakar rana. Ko kuma mai wayarin ya bubbuga saman dashbod da tafin hannu, ya ce kan malejin ne ya mutu, a je Ƙofar Ruwa a sayo na Beljiyam. Duk biyun canki-canka ne. Allura 'yar aike ce. Saƙon da take nunawa daga sensa yake tasowa, ya bi waya, a motocin yanzu ya ratsa ta birenbos, wato kwamfutar mota, sannan ya iso allon da ke bayan sitiyari. Laifi yana iya zama a ko'ina cikin waɗannan wurare huɗu, kuma kan maleji, wato allon nan, ba shi ne ya fi yawan lalacewa ba.

Na'urar da ake magana a kanta ita ce ELM327 mai Bluetooth, irin 'yar shuɗiyar nan mai girman kwalin ashana, wadda robarta ke nuna hanjin cikinta. Baki ɗaya gare ta mai haƙora 16, da 'yan fitilu da ke ƙyaftawa idan tana magana da mota. Ba ta da allo, ba ta da batir, wayar hannu ce allonta: a jikin mota ake soka ta, ta karanto abin da birenbos ke gani ta aika wa wayar. Ana tambayarta a wajen masu sayar da kayan wutar mota, ana kuma samunta a Jumia da Jiji, kuma kuɗinta bai kai na rabin tankin Corolla ba. Tambayar ita ce ko wannan abu mai kama da kayan wasan yara zai iya yin aikin da ake biyan kuɗi a gareji a ce "a sa mata kwamfuta". A kan matsalar geji, amsar ita ce: rabin aikin tana yinsa sarai, ɗaya rabin kuma makauniya ce.

Sai an fara da maganar jabu, domin kusan duk wadda ke kasuwa kwafi ce. Asalin guntun lantarkin da ke cikinta (chip) na kamfanin Elm Electronics ne na ƙasar Kanada, wanda ya rufe a 2022. Masana'antun Caina suka kwafi tsohon samfurinsa suka cika duniya da shi. Abin dariyar ma, lambar v1.5 da ake rubutawa a jikin yawancinsu, kamfanin asali bai taɓa fitar da ita ba. Duk da haka, a cikin kwafin akwai mai dama-dama. Wadda aka rubuta v1.5 mai guntun PIC18F25K80 a ciki ita ce ta fi jin yaren tsofaffin motoci. Masu lambar v2.1 na araha, duk da lambarsu ta fi girma, sau da yawa sun fi rauni: su yi magana da Camry ta 2010, su yi gum a gaban Camry ta 2000. Idan robar mai nuna ciki ce, a haska da tocila a karanta rubutun guntun. Wadda aka ga ɗigon baƙin gam a madadin guntu mai ƙafafu, a mayar wa mai shago kayansa.

Ba kowace mota take shiga ba. Tsarin OBD-II, wato soket da yaren bai-ɗaya da na'urar ke magana da mota ta cikinsu, ya zama dole a Amurka daga motocin 1996, a Turai kuwa sai 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Saboda haka Corolla, Camry, Accord, Civic, Sienna, Matrix da Vibe da suka shigo daga Amurka duk suna amsawa. Honda Hala, Peugeot 504 da 505, da yawancin Golf 3 ba sa cikin lissafi. Motar Turai ta ƙarshen shekarun 1990, kamar 406 ta farko, tana iya samun soket mai rami 16 ɗin amma ta ƙi magana, domin siffar soket daban, yaren da ke bi ta cikinsa daban.

Haɗawa ba wuya. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari, galibi saitin gwiwar direba. A soka na'urar, a murɗa makulli zuwa ON, a nemo ta a Bluetooth na waya, lambar haɗin 1234 ce ko 0000. Manhajar Torque ko Car Scanner ta wadatar, kuma na kyautar ma suna nuna duk abin da ake buƙata a nan. Mai iPhone ya kula: irin Bluetooth ɗin da ke cikin ta arahar ba ya haɗuwa da wayarsa, sai ya nemi mai WiFi ko mai Bluetooth 4.0. Idan an soka fitilarta ba ta kama ba, kada a yi saurin zargin ta. Rami na 16 shi ke kawo wuta kai tsaye daga batir, na 4 da na 5 atin ne. A Toyota da dama akwai fis na musamman mai suna OBD, 7.5A, kuma sau da yawa za a tarar wani ya zare shi ya cike gurbin wani da ya ƙone.

A gejin zafi ne na'urar ta fi biyan kuɗinta, kuma a nan ya kamata a daɗe.

Gwajin farko da sassafe ake yinsa, motar ta kwana ba a tayar ba. A murɗa makulli, a duba zafin ruwan injin a waya, a gwada shi da zafin iskar da injin ke shaƙa. Ya kamata su zo kusan ɗaya, kuma su yi daidai da yanayin gari: wajen digiri 15 zuwa 20 da asubar hunturu, kusan 30 a watan Afrilu. Idan wayar hannu ta nuna -40, wayar sensa ta tsinke ko soket ɗinta ya zare, lambar laifin da birenbos zai nuna a manhaja kuma P0118 ce. Idan ta nuna 140 ko sama a Toyota alhali injin sanyi ƙalau, wayoyin sensa sun haɗe, P0117 ke nan. Sensar kanta ana auna ta da maltimita, na'urar awon wuta, bayan an cire soket: ta Toyota tana ba da wajen ohm 2,300 zuwa 2,600 a digiri 20, ta sauko wajen ohm 320 a digiri 80. Zafi na hawa, lambar na sauka, sannu a hankali ba tsalle.

Daga nan a tayar da injin a zuba ido wuri biyu, waya da allura. Lafiyayyar Corolla za ta hau a hankali, tamostat ya buɗe wajen digiri 82, a ji babban tiyon lagireto na sama ya ɗauki zafi, fanka ta tashi idan an haura 90 da 'yan kai, lambar ta sauko, fanka ta tsaya. Idan waya na nuna 88 allura kuma ta kwanta a C ko ta maƙale a H, injin lafiya lau, laifin yana ɓangaren geji. Idan waya ta nuna 112 allura ma ta nufi ja, gejin gaskiya yake faɗa, a kashe mota. Wannan rarrabewar, wadda ba ta wuce minti goma sha biyar ba, ita ce babban amfanin na'urar.

Akwai abin da masu mota da yawa ba su sani ba. Allurar zafi ta motocin yanzu an horar da ita ta zauna a tsakiya. Daga wajen digiri 75 har sama da 100 ba ta motsi, don kada ta riƙa tayar wa direba hankali. Ma'ana, lokacin da ta fara hawa, an riga an yi nisa. Motar da ke tafiya a 104 da AC a kunne a titin Zariya da watan bazara, allurarta tana tsakiya kamar ba komai, amma waya za ta tona asirin lagireton da ƙura da laka suka toshe. Haka nan take tona al'adar nan ta cire tamostat a haɗa fanka dairek, wadda ta zama ruwan dare a garejinmu. Irin wannan motar sai a gan ta a 60 zuwa 70 a kan babbar hanya, ta fitar da P0128 ko P0125, birenbos ya ɗauka har yanzu injin bai ɗumama ba ya ci gaba da ƙara mata mai. Mai ita yana murnar motarsa ba ta zafi, gidan mai kuma yana murna da shi.

Tarko biyu ke nan da ya kamata a sani. Na farko, tsofaffin motoci kamar Camry ta 1997 zuwa 2001 da Accord ta shekarun 1990 sensa biyu gare su: mai waya biyu ta birenbos, mai waya ɗaya ta allura. Na'urar ta farkon kawai take gani. Don gwada ta biyun, a zare wayarta, a murɗa makulli, a taɓa wayar a jikin injin na daƙiƙa biyu ko uku. Idan allura ta tashi ta nufi H, wayar sensar da geji lafiya, sensar ce ta mutu. Kada a bar ta ta kai ƙarshe ta zauna, kwil ɗin gejin yana ƙonewa. Irin wannan sensar da jikinta take samun atin, don haka wanda ya naɗe zarenta da farin tef na masu famfo ya yanke mata hanya da hannunsa. Tarko na biyu ya fi haɗari: idan ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, sensa ba ta cikin ruwa, iska take aunawa, sai wayar hannu da allura su haɗa baki su nuna zafi kaɗan alhali tof silinda na gasuwa. Allurar da ta hau ja sannan ta faɗo da kanta ba tare da an yi komai ba, ba sauƙi aka samu ba. A tsaya, a bari ya huce, a duba ruwa.

Allurar juyin injin ba ta da dogon bayani. Wayar hannu ta nuna 700 zuwa 800 a silo, allura na ƙasa, to laifin na wayarin ne ko na kan maleji. Idan kuma mota ta ƙi tashi, ana buga sitata waya na nuna sifili, sai a nufi sensar kiranshaf, musamman in an ga P0335.

Gudu ya ɗan fi rikitarwa. Da farko a tabbatar ba rikicin lissafi ba ne: motar Amurka manyan lambobinta mil ne, 60 a wurinta kusan kilomita 97 ne a awa, ita kuwa na'urar da kilomita take karantowa sai in an sauya a manhaja. Sannan taya. Corolla da aka ƙera da 195/65R15, idan aka sa mata 205/65R15 don ta ɗan ɗaga daga ƙasa, gudunta na gaske zai fi abin da allura ke nunawa da kusan kashi 2 cikin ɗari. Manhajar tana iya jera gudun GPS na waya kusa da gudun da birenbos ke gani, a gwada su a miƙaƙƙen titi, wani na riƙe da wayar, ba direba ba. Idan allura ta mutu amma waya na nuna gudu daidai, kan maleji ne. Idan duka biyun sifili ne ga P0500, yawanci sai a ce sensar giyabos ce, a sayo sabuwa. A dakata tukuna. A Toyota da yawa, har da Corolla ta 2003 zuwa 2008, saƙon gudu ta cikin kan maleji yake bi kafin ya isa birenbos. Kan maleji ya lalace, birenbos ma ya makance, na'urar ta nuna sifili alhali sensa ba ta da laifi. A motar da sensarta ke kan giyabos mai waya uku, a auna: ɗaya 12V, ɗaya atin, ta ukun kuma lambarta ta riƙa hawa da sauka idan aka ɗaga ƙafar gaba da jak ana juya taya da hannu. Motocin da ke ɗaukar gudu daga ABS kuwa, wutar ABS da ke kunne tare da mutuwar maleji ita ce shaida, kuma a nan ELM327 da manhajar kyauta galibi ba sa shiga.

Idan alluran duka suka mutu lokaci ɗaya, ko suka riƙa rawa tare, ba sensa ba ce, domin sensa huɗu ba sa yin shawara su mutu rana ɗaya. Wuta ce ko atin. A fara da fis: GAUGE a Toyota, METER a Honda, 7.5A ko 10A gwargwadon mota. A Toyota da dama fis ɗin GAUGE shi ke ciyar da wutar ribas, shi ya sa za a ga mota duk lokacin da aka sa ribas sai allo ya ɗauke, saboda wayar da ta goge a maƙogwaron but tana taɓa bodi. Wanda ya naɗa siririyar waya a madadin fis, ko ya sa na 30A, ya mayar da wayarin motar shi ne fis ɗin. Na'urar tana nuna ƙarfin wuta: 12.6V ga cikakken batir a kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan injin na aiki. Sama da 15 alama ce altaneta na cajin wuce kima, kuma shi ke ƙona ƙwayaye da allo. Sai dai awonta na wuta ba abin rantsuwa ba ne, kwafin kan kauce da 0.2 ko 0.3, don haka a gwada ta da maltimita sau ɗaya a san yawan ƙaryarta.

Atin kuwa da maltimita kawai ake kama shi. Injin na aiki, fitilu da AC a kunne, a sa tsinke ɗaya a kan negetif na batir, ɗaya a jikin injin, sannan a jikin bodi. Abin da ya wuce 0.2V matsala ce. Alamarta a fili take: a kunna babbar fitila allurar zafi ta ɗaga, a taka birki ta mai ta motsa. Mafi yawa za a tarar wayar atin da aka manta ba a mayar ba bayan an sauke injin ko giyabos, ko wadda aka ɗaure a kan sabon fenti, ko wadda ta yi koren tsatsa saboda wankin injin da ruwa mai ƙarfi da kuma ruwan Agusta da ake kutsawa ciki. Sanfefa da sifana lamba 10 sun gama aikin. A motocin 2008 zuwa sama, inda allo ke karɓar saƙonsa ta wayoyin CAN, wato wayoyi biyun da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu, lambar U0155 na nufin an daina jin ɗuriyar kan maleji. A cire kan batir, a auna tsakanin rami na 6 da na 14 na soket ɗin: ohm 60 shi ne daidai, 120 na nufin hanyar ta yanke a wani wuri.

Yanzu ga inda na'urar ta gaza, kuma abin takaici shi ne gejin da aka fi kuka da shi, wato na mai. A tsarin OBD-II akwai gurbin yawan man tanki, amma Toyota da Honda da yawa na shekarun 2000 ba sa cike shi, domin wayar fulot, abin da ke yawo a kan mai cikin tanki yana auna yawansa, kai tsaye take tafiya kan maleji, birenbos bai san da ita ba. Sai manhaja ta nuna fili. A wasu motocin za a samu P0462 ko P0463, amma rashin lamba ba shaidar lafiya ba ne. Dole a ɗaga kujerar baya, ko shimfiɗar but a Accord, a buɗe murfin da ke saman tanki.

A nan sai an yi hattara, tururin fetur ba ya ba da uzuri. A buɗe ƙofofi, a cire kan batir kafin a kwance tiyo, ba taba, ba ƙwan gwaji mai tartsatsi, ba a kusa da mai walda ba. Idan aka zaro famfon mai, a jikinsa za a ga wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da kumfar roba a ƙarshensa, gindinsa kuma yana goga wani ɗan farin allo da bai fi faɗin babban yatsa ba, mai jerin layukan ƙarfe kamar haƙoran mataji. A kawo shi haske a duba. A motar da aka saba zuba mata lita biyar-biyar, layukan ƙasa, tsakanin E da kwata, za a gan su sun goge sun yi baƙi, na sama kuwa sababbi fil kamar ba a taɓa amfani da su ba, saboda a nan ƙasa fulot ya yi rayuwarsa. Shi ya sa allura ke aiki daidai in an cika tanki, ta zo kwata ta faɗi warwas. A sa maltimita a kan ohm, a ɗaga hannun fulot a hankali daga ƙasa zuwa sama. Tsofaffin Toyota suna ba da kusan ohm 110 a E, kusan 3 a F. Ford da dama akasin haka ne, 16 a E, 158 a F. Sababbin motoci lambobinsu daban, amma ƙa'idar ɗaya ce: lamba ta tafi sumul, duk inda ta yi tsalle ko ta ɓace, nan ne ciwon. Datti irin na man bumburutu yana fita da ɗan goge na fensir. Layin da ya cinye kuwa sai sabon fulot.

Bambancin lambobin nan shi ke bayyana wata matsala da ake yawan gani: an canza famfon mai, tun daga ranar geji ya haukace. Ko dai an lanƙwasa hannun fulot wajen cusa shi, ko an sa na wata mota don bakinsa ya yi daidai da ramin. Fulot ɗin da ohm ɗinsa ba na motar ba ne ba zai taɓa faɗar gaskiya ba, wani ma a juye zai riƙa nunawa. Tankin da dutse ya loma daga ƙasa shi ma yana hana fulot sauka, allura na kwata mota ta mutu a hanya. Kuma kada a yanke hukunci da gaggawa wajen gwaji, allurar mai ta motocin yanzu da gangan aka sa mata nawa don kada ta riƙa lilo a kan gargada. Bayan kowane gwaji a kashe makulli a sake kunnawa.

Wutar baƙin mai, mai hoton buta, ita ma na'urar ba ta da ta cewa a kanta a yawancin waɗannan motoci. Abin da ke jikin injin makunni ne kawai mai waya ɗaya, wanda ke kashe wutar da zarar matsin mai ya haura ɗan ƙanƙanin mizani. Idan wutar na ƙyaftawa a silo bayan injin ya yi zafi, a fara da dipstik. Mai ya cika, to a kwance makunnin a ɗaura gejin hannu mai tiyo a gurbinsa. Injin 1ZZ na Corolla ana so ya ba da aƙalla 4.3 psi a silo, 43 zuwa 78 psi a juyi 3,000, da zafinsa. Ya ba da haka, makunnin ne, kuma abu ne mai araha. Bai ba da ba, matsalar ta famfo ce, ko rariyar cikin sam da ta toshe, ko metal da suka cinye. Mai gyaran da ya zare wayar don wutar ta daina damun mai mota bai gyara komai ba. Haka ma wanda ya cire ƙwan cek ko ya liƙe shi da baƙin tef kafin a kai mota kasuwa, kuma a nan ELM327 tana da rana: idan an murɗa makulli wutar cek ba ta kama ba ko na daƙiƙa ɗaya, waya kuma na nuna lambobin laifi, an san abin da aka yi. Ƙwan caji ma ba ado ba ne, a tsofaffin motocin Turai ta cikinsa altaneta ke samun wutar fara caji, ya ƙone caji ya tsaya.

Idan duk gwaji ya nuna kan maleji, har yanzu ba a kai ga Ƙofar Ruwa ba. Wasu motocin suna gwada kansu. A Ford Focus, a danne maɓallin tirif, a murɗa makulli, a riƙe har allo ya rubuta tESt, alluran za su share daga ƙasa zuwa sama su dawo. Wadda ta ƙi tafiya ko take karkarwa, ƙaramar motar da ke bayanta ce ta gaji, kuma ana canza ta ita kaɗai. Wanda kuma ke dawowa aiki idan an bubbuga dashbod, kusan kullum dalma ce ta tsage a gindin haƙoran soket. Da madubin ƙara girma za a ga wani siririn zobe kamar gashi ya kewaye ƙafar. Motar da ke yini a rana a garin da zafi ke haura digiri 40, ga girgizar hanya, dole dalma ta gaji. Mai gyaran rediyo ko waya mai hannu zai sake narka ta cikin rabin awa. Kafin a zare allura a sa alamar inda take kwance, in ba haka ba an gyara wuta an ɓata saiti.

In dole sai an saya, a tafi da tsohon a hannu a gwada lambar da ke bayansa, ba siffa ba. Na otomatik daban da na manuwal, na silinda huɗu daban da na shida, na Amurka daban da na Turai. A Toyota da Honda adadin tafiyar mota a cikin kan malejin yake, don haka sabon zai zo da lissafin motar da aka ciro shi, a rubuta tsohon adadin a ajiye. A Golf 4 kuwa tsaron makulli a cikinsa yake, a canza shi haka kawai mota ta tashi ta mutu nan take. A yi sharaɗi da mai shago cewa za a gwada a mota, in bai yi ba a dawo da shi.

Sauran aibobinta kaɗan ne amma na gaske. Rami na 16 ba ya mutuwa ko an zare makulli, don haka in an bar ta a soke tana tsotsar batir, motar da ta yi kwanaki a ajiye sai turi. Haƙoran kwafin ba su da inganci, cusa ta da ƙarfi yana buɗe ramukan soket ɗin mota. Wasu marasa kyan ma suna rikita layin CAN har fitilun allo su kama ana cikin tafiya, irin wannan a zare ta a jefar. Maɓallin goge lambobi kuma jaraba ne: a ɗauki hoton lambobin tukuna, domin gogewa ba gyara ba ce, shaida kawai ake ɓatarwa. Ba ta kuma iya umartar allura ta motsa, a yawancin motoci ba ta shiga ABS ko iyabag, wannan aikin manyan na'urori ne irin su Launch da Autel, ko Techstream na Toyota.

Ga mai motar Amurka ta 1996 zuwa sama, da mai wayarin da ke fara sana'a, da dillalin da ke duba mota kafin ya biya, ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin a haɗa ta da maltimita ko da irin DT830 ce mai araha. Mai Golf 3 ko 504 ya bar kuɗinsa ya sayi maltimitar kaɗai. Wanda zai saya a shago ya je da motarsa, ya soka a ƙofar shagon, ya ga juyin injin da zafin ruwa sun fito a waya suna motsi, ya taka totur ya ga lambar ta bi ƙafarsa, sannan ya ƙirga kuɗi.